Jirgin Ba Ari Da Ba Ya Shiga Ruwa

Ba Ari bai taɓa ganin teku ba, amma duk unguwarsu a Diffa ba wanda ya kai shi sanin halin teku. Mutumin Bosso ne. Tun shekarar da tashin hankali ya koro shi, shi da matarsa Kellu da ɗiyarsu Aisa, ya mai da ruwa gadon gidansu. In ka zauna a fadar hira da ke ƙofar shagon Fannami tela, kafin a zuba shayi na biyu za ka ji yadda kakan Ba Ari ya kama giwan ruwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da goro. Abin da ba za ka ji ba shi ne, sau ɗaya Ba Ari ya taɓa shiga kwalekwale, kuma ya yi amai tun kwalekwalen yana ɗaure a gaɓa. Fannami yana wurin ran nan. Garinsu ɗaya, tare aka yi musu kaciya, shi ya sa ba ya raga masa.

Aikin Ba Ari gadi ne, na rana, a ƙofar wani buro, wato ofis, na masu ba da agaji. A buron akwai wani Bature dogo mai jan wuya, wanda in an tashi aiki ba ya zuwa ko'ina, sai ya shige ɗaki ya yi ta fiƙe 'yan itatuwa. Da wa'adinsa ya cika ya raba kayansa. Direba ya samu takalma, kuku ya samu tukwane, Ba Ari ya samu kwali mai nauyi. Ya ɗora shi a ka ya tako gida da ƙafa, tun da an hana babur a gari, yana tafe yana raya wa ransa gwangwanayen kifi.

Littattafai ne. Manya-manya, cike da hotunan jiragen ruwa na zamanin da, irin waɗanda ba su da inji, sai dogayen sanduna da fararen ƙyallaye da iska ke turawa. A ƙarƙashinsu kuma wasu takardu a ninke, in ka warware ɗaya sai ta cinye tabarma. An zana jirgi a kai ta gaba, ta gefe, ta sama, an fede shi kamar ragon layya, haƙarƙari daban, ƙashin baya daban.

Da wani ne, da ya kai wa mai ƙosai ta yi ƙunshi. Ba Ari kuwa, da ya ɗan taɓa lakwal, wato boko, kafin malamin ya gaji da shi, sai ya yi kwanaki yana juya shafuka yana gyaɗa kai. Sannan ya naɗe takarda ɗaya ya nufi fada.

"A ɗage kofuna," ya ce. Ya shimfiɗa takardar, ya danne kusurwoyinta da takalman mutane. "Wannan shi ake kira plan. Abin da za a ƙera da shi kuma, maket. Jirgi ne, amma ba jirgi ba ne."

"Kamar kai ke nan," in ji Fannami, bai ko ɗago daga keken ɗinki ba. "Masunci ne, amma ba masunci ba ne."

"Ka ga wannan lambar ta ƙasa? Eshel ke nan. Abin da yake taku ɗari a teku, a nan taku ɗaya ne. Ilimi ne, Fannami. Ba wando ba ne."

Bunu mai shayi ya leƙo ta saman buta. "Yana shiga ruwa?"

"Ba ya shiga ruwa."

"Yana ɗaukar tattasai?"

"Tsawonsa bai fi hannuna ba, Bunu."

"To me yake yi?"

"Ana kallonsa."

"Kai ma kullum muna kallonka," in ji Fannami, "kuma ba a ɓata katako ba."

Nan Ba Ari ya miƙe tsaye, ya gyara hula. An riga an sa bikin Aisa bayan kwasar tattasai, kowa a fadar ya sani.

"Kowace amarya a garin nan kwanoni ake jera mata," ya ce. "Kwano kan kwano, kamar za ta buɗe gidan abinci. Ɗiyata jirgi za a ɗora mata a saman kabad, mai sanda uku, da igwa a kowane gefe, irin wanda sarakunan Turawa suka yi yaƙi da shi. A gaban dangin ango zan yaye masa ƙyalle. Wala, an gama."

Daga ran nan Fannami ya raɗa masa Kapiten. Shi kuma ya amsa.

Ita Kellu tata hidimar daban. Ran da aka gudo daga Bosso, wasu sun ɗauki hatsi, wasu katifa. Ita tukunya ta ɗora a ka, ta taka da ita har inda mota ta tsince su. Turaren wuta ne a ciki, na auren Aisa. Icen ƙamshi ne, hawi da sandal, da aka kawo mata daga Yerwa tun hanya tana hanya. Ta tsaga shi sili-sili, ta jiƙa, ta dafa da sukari da turaruka yadda uwarta ta koya mata, ta toshe bakin tukunyar da ƙyalle da fata ta ɗaure. Irin wannan ba a buɗe shi sai ranarsa, yana zaune yana tsumuwa. Yanzu ko da kuɗinka ba ka samun icen. Kuma a wajen Barebari, ɗakin amarya da hanci ake fara ganinsa. Balle wannan aure, da gwaggon ango ita ce Ya Fanna, 'yar Yerwa da gudun hijira ya kawo Diffa, wadda aka ce in ta shaƙi turare sau ɗaya za ta gaya maka wadda ta dafa shi, da ko tana fushi da mijinta ran nan. Kellu ta rasa gida, ta rasa gona. Tukunyar nan ce kawai za ta nuna wa dangin ango cewa ba daga sama suka faɗo ba.

Jirgi na farko da kwalin kayan agaji aka yi shi, aka manna da kunun fulawa. Ba Ari ya shanya shi a kan katanga ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tarar akuyar maƙwabta ta gama da gaba, tana cikin baya.

"Gwaji ne," ya gaya wa fada. "Turawa ma sai sun yi gwaji."

"Akuyar ta ce ya yi?" in ji Fannami.

Na biyu da icen dogon yaro. A littafi ɗaya akwai hoton hannu yana lanƙwasa katako a kan tururi, don haka Ba Ari ya jira Kellu ta ɗora burabusko ta shiga maƙwabta aron rariya, ya jera itatuwansa a cikin madambaci. Ran nan gidan suka ci abinci mai ɗaci. Aisa ta ce kamar maganin zazzaɓi. Ba Ari ya ce ai riba biyu ke nan. Itatuwan kuma, da ya zo lanƙwasa su, kowanne sai ya ce ƙas, har guda ya yi tsalle ya yanke masa gira. Ya yi mako yana yawo da filasta a goshi, yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa raunin aiki ne.

Yana neman wuƙarsa a ƙarƙashin gado wata hantsi, Kellu ta tafi kasuwa, sai hannunsa ya taɓa tukunya. Ba da wata niyya ya kwance ta ba. Mai ilimi mutum ne mai son dubawa. Ƙamshi ya buge shi har ya zauna. Ya zaro sili ɗaya, siriri, baƙi-baƙi, yana sheƙi, ya lanƙwasa shi. Silin ya bi hannu kamar yaro mai tarbiyya. Ya ɗora shi a kan plan, daidai inda aka zana katakon gefen jirgi. Kamar don shi aka zana. Ga shi da danƙon sukari, ko manni ba ya buƙata.

Ba Ari ya yi tunani, kuma tunanin bai ɗauke shi lokaci ba. Turare na Aisa, jirgi na Aisa. Daga hannun dama ne zuwa hagu. Ya cika aljihu, ya mai da ɗaurin yadda ya same shi. A littattafan akwai babi guda na ƙulle-ƙullen igiya, kuma a duk ilimin teku wannan ne kaɗai ya zauna masa.

A ɗakin gadi ya kafa masana'anta. Aiki ya tafi kamar an yi masa addu'a. Gutsuren sandal da Kellu ta kwantar a gindin tukunya ya zama ƙashin baya. Haƙarƙari suka tsaya. Gefe ya fara rufuwa. Sai dai jirgi yana tashi, tukunya tana sauka, kuma wannan ma sai da Kapiten ya samo masa dabara. Ya bi ta kasuwar tattasai ya kwaso busassun karare, ya tsaga su sili-sili, ya dafa su a ragowar shayin Bunu da sukari, ya shanya a bayan buro. Launin bai yi masa ba, ya yi fari. Ya sayo garin tattasai ya barbaɗa, don launi kawai. Mai sayarwar ta ce masa akwai barkono a haɗe. Ya ce ba ci zai yi ba.

Tururuwa ce ta fara gano masana'antar. Bayanta ƙudan zuma. Sannan mutane.

"Kapiten," in ji Bunu wata la'asar, yana buɗe hanci, "ƙamshin amarya kake yi."

"Sabulu ne."

"Wane sabulu?"

"Na buro."

Fannami ya tsai da keke, ya dube shi tun daga hula har silifa. "Tun muna yara na san ƙamshinka, Ari. Ba wannan ba ne. In wani wuri kake zuwa ka faɗa, mu raka ka. Ba a zuwa zance da filasta."

A gida ma Kellu ta tsaya da faranti a hannu, ta shaƙa.

"Baban Aisa, me kake shafawa?"

"Turawa ne ke fesawa a buro."

"Turawa sun san hawi?"

"Mutanen da suka ƙera jirgi mai sanda uku, hawi zai gagare su?"

Kellu ta ajiye farantin. Ta shiga ɗaki, ta durƙusa, ta jawo tukunya. Ba Ari yana daga ƙofa yana karanta duk addu'ar da ya iya. Ɗaurin yana nan yadda ta yi shi. Ta ɗaga tukunyar, ta jinjina.

"Kamar ta ƙara nauyi."

"Albarka," in ji Ba Ari.

Da gangar jirgi ta kammala, ya yi masa igwa da bututun biro, ya shafa musu baƙin tukunya. Saura ƙyallayen iska, wannan kuwa dole sai tela. Ya lulluɓe jirgin da tsohon zane, ya ɗora a ka, ya kama hanyar shagon Fannami, zuma biyu-uku suna rakiya. A shingen sojoji na bakin kasuwa wani soja matashi ya ɗaga hannu.

"Baba, mene ne a kai?"

"Jirgi."

Sojan ya waiwaya. Abokinsa da ke zaune a inuwa ya taso. A shekarun nan an hana ko kwalekwale taɓa kogin Komadugu.

"Sauke."

Ba Ari ya sauke, ya yaye zane a hankali, yana jiran yabo.

"Ba ka san an hana jirgi ba?"

"Wannan ba ya shiga ruwa, mon komanda."

"Waɗannan na gefe fa?"

"Igwa."

"Suna harbi?"

"Ba sa harbi."

Sojan ya dubi jirgi, ya dubi Ba Ari. "Jirgi ba ya shiga ruwa, igwa ba ta harbi. Kai kuma Baba, me kake yi?"

"Gadi."

"Allah ya tsare wurin," in ji sojan. "Wuce."

A fada Ba Ari ya ba da labarin cewa sojoji sun tsai da shi sun nemi shawara a kan harkar ruwa.

Fannami ya ɗinka ƙyallayen da ragowar farar shadda. Yana ɗinki yana kai hanci kusa da jirgin, yana duban abokinsa ta wutsiyar ido.

"Wannan katakon, daga ina?"

"Daga waje."

"Wajen ƙarƙashin gado?"

"Ɗinki aka kawo maka, Fannami, ba bincike ba."

"Ni dai ran biki a bakin ƙofa zan zauna," in ji Fannami, ya ciji zare.

Ana jibi biki aka ga saman jirgi bai rufu ba, inda matuƙa ke tsayawa. Da ma Ba Ari ya bar turare na gaskiya ɗan kaɗan a saman tukunya, saboda ido. Ya duba plan, ya duba jirgi. Jirgi ba rufi, ai abin kunya ne a gaban baƙi. Ya kwashe na saman ya cike da nasa. A lissafinsa, turare hayaƙi ne, hayaƙi kuwa duk ɗaya ne. Kuma kafin a kai ga tukunya ya riga ya yaye ƙyalle, gari ya ɗauka, ba mai sauran hankalin hanci.

Ranar ta zo. Mata suka cika tsakar gida da lafaya kala-kala, maza suna waje ƙarƙashin rumfa. An ɗaura aure da safe lafiya. Bayan la'asar dangin ango mata suka iso, Ya Fanna a gaba, tana tafiya kamar ƙasa tata ce ta ba mutane aro. Suna shigewa Ba Ari ya fito daga shagon Fannami cikin babbar riga, jirgi a hannu biyu an rufe da sabon ƙyalle. Ya tsaya a gaban rumfa ya yi gyaran murya.

"Jama'a, atansiyo. Tun zamanin Annabi Nuhu, Allah ya ƙara masa aminci, ɗan Adam yake da alaƙa da jirgi. Kakana kuma..."

Yana kan kakansa, daga cikin gida wata ta yi tari. Wata ta amsa. Sai atishawa ta kama kamar ana rabawa. Ashe ba a jira jawabi ba. Baƙi suna zama Kellu ta sa aka kawo kasko da garwashi, ta kwance tukunya a gaban Ya Fanna, ta cika hannu ta zuba, ba ƙyashi, yadda ake yi wa manyan baƙi.

Mata suka fito a guje, kowace ta toshe hanci da lafaya, hawaye shaɓe-shaɓe. A Diffa ta wancan lokaci kuwa, in ka ga mutum yana gudu ba ka tambayarsa dalili. Rumfa ta watse. Liman ya bar takalmi ɗaya. Bunu ya gudu da buta ya bar kofuna. Ango da abokansa aka gan su sun sha kwana. Fannami, da ya zauna a bakin ƙofa kamar yadda ya yi alkawari, matsawa kawai ya yi gefe don kada a take shi.

Mutum ɗaya ya rage a tsaye a tsakiyar fili, don ba a gudu da jirgi mai sanda uku.

Da aka ji ba harbi, ba ƙara, sai wani hayaƙi mai yaji da ke fitowa ta saman katanga, mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa shi da ma alwala ya tafi. Wata ta kwara wa kaskon ruwa. Ya Fanna ce ta fito ƙarshe. Ba ta yi gudu ba, ba ta taɓa yi ba sai sau ɗaya, daga Yerwa. Idanunta sun yi ja wur. Ta share su da bakin lafaya, ta juya wajen Kellu da ke tsaye a ƙofa da tukunya a hannu.

"Uwar amarya, wannan shi ne turaren Bosso?" ta ce, a hankali, yadda kowa zai ji. "Mu a wajenmu miya muke yi da shi."

Kellu ta sunkuya. Ta dubi cikin tukunya, ta ɗebo sili ɗaya ta murza, yatsunta suka yi ja. Daga cikin ɗaki ana jin kukan Aisa, ba a san na barkono ne ko na kunya ba.

Ba Ari ya ga lokaci ya yi da zai ceci taro. "Kamar yadda nake cewa, kakana..."

Amma Ya Fanna ta ɗaga hannu. Hancinta ya motsa. Ta juya kai hagu, ta juya dama, sannan ta tako kai tsaye, mutane suna buɗe mata hanya, har gaban Kapiten. Ba ta nemi izini ba, ta yaye ƙyallen da ya yi watanni yana shirin yayewa.

Gaskiya jirgin ya yi kyau, in ka tsaya nesa. Ya ɗan karkata hagu, sandar tsakiya ta fi son gabas, kuma tururuwa uku suna sintiri a sama. Ya Fanna ba ta dube shi ba. Ta rufe ido ta kai hanci.

"Hawi," ta ce. Ta matsa baya. "Sandal, na da, ba irin na yanzu ba." Ta sake shaƙa, ta daɗe. "An dafa shi da wuta kaɗan, ba a yi gaggawa ba. Ya kwana a tukunyar ƙasa shekaru. Wadda ta yi wannan, uwarta ta koya mata." Ta buɗe ido. "Malam, kai ka dafa?"

"Ni na ƙera," in ji Ba Ari. "Maket ne. In kin lura da eshel..."

"Yana shiga ruwa?"

"Ba ya shiga."

"To me yake yi?"

Kafin ya amsa, Kellu ta iso. Ta ajiye tukunyar a ƙasa, a gaban ƙafarsa. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Baban Aisa, miƙo."

"Kellu, ki tsaya ki ji. Turare na Aisa, jirgi na Aisa..."

"Miƙo."

"Kin san wahalar da na sha? Ki dubi girata."

"Daga Bosso na ɗauko shi a ka. Kai hularka kawai ka ɗauko. Miƙo."

Ya dubi maza. Liman yana neman takalmi. Bunu yana ƙirga kofuna. Fannami yana kallon sama kamar an ce za a yi ruwa. Ba Ari ya miƙa.

Kellu ta sa aka fito da babban kasko, wanda ake gasa nama, aka zuba sabon garwashi a nan waje, gaban maza da mata. Ta ɗaga jirgin da hannu biyu.

"A cire igwa dai," in ji Ba Ari, muryarsa ta yi ƙasa. "Roba ce, za ta ɓata ƙamshi."

Wannan ce shawara ta farko da ya bayar a watannin nan da kowa ya yarda da ita. Fannami ya zo ya zare bututun biro ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu. Kellu ta zaunar da jirgin a kan garwashi.

Da farko ba abin da ya faru. Sai sukari ya fara narkewa yana tsuwa. Wani farin hayaƙi mai kauri ya taso ta ƙasa, ya bi haƙarƙari, ya fita ta ramukan igwa. Zafi ya shiga ƙyallayen shadda, suka kumbura gaba ɗaya, suka yi ciki, daidai yadda suke a hoton bangon littafi. Jirgin ya ɗan daidaita, ya daina karkata, yana zaune a kan hayaƙi kamar a kan ruwa.

"Kun gani?" Ba Ari ya damƙi hannun Fannami. "Kun ga ƙyallayen? Haka yake tafiya. Haka yake a littafi."

Sai ƙamshi ya iso. Ya kori barkono daga tsakar gida, ya shiga lafayoyi, ya haura katanga ya bi titi. Matan da suka gudu suka matso suna buɗe mayafi a kan hayaƙin. Aka fito da Aisa aka zaunar da ita kusa, ƙawayenta suka lulluɓe ta. Wata tsohuwa 'yar Bosso ta zauna a ƙasa ta ce rabonta da wannan ƙamshi tun gida yana gida. Sandar tsakiya ta faɗi gabas, inda da ma take so.

Ya Fanna ta tsaya har ƙashin baya ya kama, sandal ya fito shi kaɗai. Sannan ta kama hannun Kellu.

"Na halarci biki a Yerwa, na halarta a Kukawa," ta ce. "Ban taɓa ganin an ƙona wa amarya turaren shekaru a zama ɗaya ba. Ɗanmu ya shigo gidan manya." Ta ɗan rage murya, amma ba sosai ba. "Mijin ne dai sai haƙuri. Kowa da nasa."

Washegari Kellu ta shanya kuɓewa a kan plan, ta ce faɗinsa ya yi daidai. Ba Ari ya ɗauki wani plan daga kwali ya nufi fada, babbar rigarsa tana ƙamshi har tsallaken titi.

"A ɗage kofuna," ya ce. "Wannan mai sanda huɗu ne. Wa ke da ɗiyar da aka sa wa rana?"

A makon nan mai sayar da kwaɗon kulle ƙofa a bakin kasuwa ya rasa dalilin da matan unguwar masu ajiyar turare suka yi masa layi.

Bunu ya zuba masa shayi, ya ce, "Kapiten, ashe dai jirgin yana da abin da yake yi."

Ba Ari ya kurɓa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, da tausayin mai ilimi a tsakiyar jahilai.

"Tun ranar farko," ya ce, "na gaya muku ba na ruwa ba ne."